Aikin da ka saita wa waya, ka riƙa leƙa shi

A makarantar horar da malamai, abu na farko da aka cusa mana shi ne jadawali: kowane darasi da ranarsa da lokacinsa. Kwamfuta da wayar salula ma suna da nasu. Tun shekarun 1970 tsarin Unix ke da wata ƴar manhaja mai suna cron, wadda kowane minti take duba jerin ayyukan da aka rubuta mata. Kowane aiki an sa masa minti, awa, kwanan wata, wata da ranar mako. Lokaci na yi, sai ta tayar da shi. Irin wannan dabara ce ke sa WhatsApp adana kwafin saƙonni kullum ko mako-mako, ita ce kuma ke sa kalandar waya ta tuna maka taron iyayen yara duk farkon wata.

Ina goyon bayan malamai su mori wannan. Wanda ke fama da yara sama da saba'in a aji bai kamata ya ɗora wa kansa tuna komai ba. Sai dai akwai sharaɗi, kuma da wuya na koye shi.

Bara, a watan Oktoba, na saita wata manhaja ta riƙa aika kwafin makin ɗalibaina zuwa intanet duk daren Juma'a. Daga nan ban sake waiwayarta ba. A watan Mayu aka sace wayar a tasha. Da na nemo kwafin, na ƙarshe na Janairu ne. Ashe tun ranar da na kunna tsimin batir saboda ɗaukewar wuta, wayar ta daina barin manhajar ta yi aiki a ɓoye, ba kuma wanda ya ce mini uffan. Kwana huɗu na yi ina bin littattafan yara ina tattara maki, wasu sun yage, wasu sun ɓace. Saura kaɗan yara biyu su maimaita aji a kan sakacina.

Malami in bai zo ba, hayaniyar aji za ta tona shi. Aikin da aka saita in ya tsaya, shiru kake ji. Kuma na'ura abin da ka rubuta kawai take bi. Ka ce mata ranar 31 ga kowane wata, cron zai tsallake duk watan da bai kai 31 ba. Ka ce duk Litinin, saƙo zai tafi ko da ranar Salla ce.

Don haka, malamai da iyaye, duk aikin da kuka miƙa wa waya, ku ware masa ranar dubawa. Ku buɗe ku ga kwanan watan da ya gudana na ƙarshe. Ni yanzu duk safiyar Asabar nake duba nawa, littafin maki na takarda kuma yana nan cikin jakata.