Baƙo da Mai Masauki: Me Ya Sa Ya Kamata a Rufe Ƙwaƙwalwar Baƙo

Masana kwamfuta sun ari kalmomi biyu daga zaman duniya. Babbar na'ura mai ɗauke da wasu a cikinta ana kiranta mai masauki, ita kuwa kwamfutar kwaikwayo, wadda manhaja ke ginawa a cikin babbar, ana kiranta baƙo. Banki ko asibiti da ya yi hayar gurbi a rumbun kwamfutoci na wani kamfani, baƙo ne a gidan da bai taɓa gani ba. To, shin ya halatta mai masauki ya iya leƙa duk abin da baƙonsa ya ajiye?

Tun da aka shigar da KVM cikin zuciyar Linux a 2007, amsar a aikace ita ce e. Manhajar da ke kula da baƙo, irin su QEMU, ita ke yanko masa ƙwaƙwalwa daga nata rabon, don haka kowane shafi na baƙo a buɗe yake gare ta: kalmar sirri, mabuɗin asusu, bayanan majiyyaci. Ba lallai ne mai masauki ya zama maci amana ba. Ya isa a ce ɓarawo ya kutsa cikin manhajarsa, ko ma'aikaci guda ya karkace, sai asirin dukan baƙi ya tonu lokaci ɗaya.

Matakin farko na gyara ya zo daga masu ƙera masarrafai. Kamfanin AMD ya gabatar da SEV a 2016, inda masarrafi ke juya bayanan baƙo zuwa rubutun sirri da mabuɗin da mai masauki ba ya riƙe da shi. Sai dai a 2018 masu bincike a Jamus suka nuna, da harin da suka kira SEVered, cewa mai masauki na iya sauya wa shafuka gurbi har baƙo da kansa ya miƙo asirinsa a fili. Darasin shi ne, kulle akwati bai wadatar ba muddin wani ke da ikon musanya akwatunan. Shi ya sa SEV-SNP ya zo da jadawalin da ke tantance mamallakin kowane shafi, Intel ya fito da TDX, Arm kuma da CCA.

Saura ɓangaren Linux. A fitowa ta 6.8, cikin Maris 2024, aka shigar da guest_memfd, wato rumbun ƙwaƙwalwa na baƙo shi kaɗai. A siffarsa ta farko, manhajojin mai masauki ba sa iya karanta shi, ba sa iya rubutu a ciki, ba a kuma kwashe shafukansa zuwa faifai idan wuri ya ƙure. Baƙo ne ke ware shafukan da ya yarda a yi tarayya a kansu, kamar zaure da ake ganawa da jama'a, ta nan saƙonnin intanet da na faifai ke shiga da fita. Sauran kuwa cikin gida ne, ba shiga.

Masu sukar tsarin suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Mai masaukin da ba ya ganin ƙwaƙwalwa zai sha wuya wajen ɗauke baƙo daga wata na'ura zuwa wata ba tare da kashe shi ba. Zai rasa damar haɗe shafuka masu kama da juna domin tsimin wuri, kuma gano musabbabin matsala zai ƙara tsauri. Kwafar bayanai ta zauren tarayya ma tana cin lokaci. Duk wannan kuɗi ne, kuma a kan mai haya zai ƙare.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: amanar ba ta gushe ba, wuri kawai ta sauya. An ɗauke ta daga mai rumbu an ɗora wa mai ƙera masarrafi, wanda shi ke sa hannu a shaidar da ke tabbatar wa baƙo cewa ɗakinsa a kulle yake. Shi ma yana kuskure. A Disamba 2024 masu bincike daga jami'o'in Beljiyam, Jamus da Ingila suka bayyana harin BadRAM, inda kayan aiki masu araha suka sa sandar ƙwaƙwalwa ta yi ƙaryar girmanta, aka karya garkuwar SEV-SNP, har sai da AMD ya fitar da gyara.

Duk da haka, hanyar daidai ce. A da, mai ajiya sai ya amince da dubban ma'aikata da miliyoyin layukan manhaja da bai san su ba. Yanzu an taƙaita waɗanda zai amince da su, an kuma ba shi hanyar neman shaida kafin ya saki mabuɗinsa. Ɓarakar da aka gano a ƙaramin shinge ana iya toshe ta. Gidan da ba shi da shinge kuwa babu abin toshewa.

Abin da ya rage shi ne masu haya su daina karɓar alkawarin baki. Duk hukumar da za ta ɗora bayanan jama'a a na'urar wani, ya kamata ta tambaya ko ƙwaƙwalwar baƙo a keɓe take, wa ke riƙe da mabuɗi, kuma wa ke duba shaidar masarrafi. Bahaushe ya ce ba a ba kura ajiyar nama. Mai masauki ba lallai kura ba ne, amma mai hankali ba ya jiran ranar da zai gane hakan.