Allurar rigakafin korona a 2020: Turai na murna, a fadojinmu kuwa tambaya ta fi yawa

Tun ranar Litinin 9 ga watan Nuwamban 2020, lokacin da kamfanin haɗa magunguna na Pfizer na ƙasar Amurka da abokin aikinsa BioNTech na Jamus suka sanar cewa allurar rigakafin korona da suke gwadawa tana ba da kariya sama da kashi 90 cikin 100, zancen ya ƙi ƙarewa. Kwana biyu bayan haka Rasha ta ce tata allurar, Sputnik V, ta kai kashi 92. Ranar 16 ga wata kamfanin Moderna ya ce tasa kashi 94 da rabi ce. Ranar 23 kuma jami'ar Oxford ta Ingila da kamfanin AstraZeneca suka fito da tasu mai matsakaicin kashi 70. Allura huɗu ke nan cikin sati biyu, ga cutar da a lokacin ta riga ta kashe mutane kusan miliyan ɗaya da rabi a duniya.

A Turai da Amurka, inda annobar ta sake tasowa da shigowar sanyi, an karɓi labarin da murna. A ranar farko hannayen jarin kamfanonin jiragen sama da na otal suka tashi, farashin man fetur ya ɗaga. Siyasa ma ba ta bar abin ba, domin shugaba Donald Trump ya yi zargin wai da gangan aka jinkirta sanarwar har sai da zaɓen 3 ga Nuwamba ya wuce. Amma ko a can ba kowa ne ya miƙa hannu ba. Binciken jin ra'ayi da cibiyar Ipsos ta yi cikin ƙasashe 15 a watan Oktoba ya nuna kashi 73 cikin 100 ne suka ce za su yarda a yi musu allurar, a Faransa kuwa kashi 54 kacal.

To mu fa a nan gida? A lokacin, in mutum ya saurari abin da ake faɗi a fadojin shan shayi, da tashoshin mota, da saƙonnin murya na WhatsApp, zai ga ra'ayi ya kasu uku.

Akwai masu hamdala. Cikinsu har da maniyyatan da ba su samu zuwa aikin hajjin 2020 ba, tun da Saudiyya ba ta karɓi baƙi daga waje ba, da ƴan kasuwar da tafiya ta tsaya musu, da iyalan da ke jiran aiken ƴaƴansu da suka tafi bida. Waɗannan fatansu guda ne, hanya ta buɗe.

Akwai waɗanda abin bai dame su ba. Hujjarsu ita ce, daga ranar 19 ga Maris da aka samu mutum na farko a Yamai zuwa ƙarshen Nuwamban 2020, waɗanda aka tabbatar sun kamu a Nijar ba su kai dubu biyu ba, mamata ba su kai ɗari ba, alhali masassarar cizon sauro tana kashe dubbai kowace shekara, a 2020 ma ga ambaliya ta ƙara mata ƙarfi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai gwajin da ake yi a ƙasar a lokacin kaɗan ne, kuma adadin masu kamuwa ya soma hawa cikin watan Nuwamban 2020, ga hunturu ya shigo, ga tarurrukan yaƙin neman zaɓen 13 da na 27 ga Disamba. Kar mu manta wannan ciwon ne ya yi ajalin ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ranar 3 ga Mayu.

Sai kashi na uku, masu tsoro, kuma muryarsu ta fi tashi. Wasu na cewa allurar hana haihuwa ce, wasu wai za a saka wa mutum wata ƴar na'ura a jiki, wasu kuma tambaya suke: ta yaya abin da ake shekara goma ana nema aka same shi cikin wata goma?

Kafin a kira su jahilai, ya kamata a tuna inda tsoron ya samo asali. Sunan Pfizer ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A shekarar 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka saka cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka kurmance, wasu suka shanye. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da ƴaƴansu ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Mutanen Maraɗi da Damagaram, masu dangi da kasuwanci a Kano, ba a littafi suka ji wannan labari ba. A nan Nijar kuma an taɓa yi wa dubban mutane allurar sanƙarau ta jabu a 1995, sannan a 2015 hukumar lafiya ta duniya OMS ta sake jan kunne game da jabun da ke yawo a ƙasar. A watan Afrilun 2020 wasu likitoci biyu na Faransa suka fito a talabijin suna shawarar a je Afirka a yi gwaji, har sai da shugaban OMS Tedros Adhanom Ghebreyesus ya yi tir da maganar. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ga kuma ɓacin ran rufe masallatai da dokar hana fita, wanda ya jawo tarzoma a Mirya da wasu unguwannin Yamai kafin a sake buɗe wuraren ibada ranar 13 ga Mayu.

Amma tarihin yana da wani gefen da shi ma namu ne. A 2003 jihar Kano ta dakatar da ɗigon shan inna saboda jita-jitar hana haihuwa. Kafin a koma a watan Yulin 2004, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yaranmu na bakin iyaka na cikin waɗanda suka biya kuɗin. Matsalar ta warware ne da aka bar hukumomin Kano suka yi nasu binciken, aka kawo maganin daga Indunisiya, sarakuna da malamai suka shige gaba. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali. Haka allurar MenAfriVac da aka soma a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010: sanƙarau nau'in A, wanda iyayenmu ke fargaba duk bazara, kusan ya ɓace. Miliyoyin ƴan mata da samarin da aka yi wa ita sun yi aure, suna ta haihuwa a gabanmu. Kuma ana neman katin allurar sanƙarau daga alhazai kafin su shiga jirgi.

Yanzu mene ne kashi 95 ɗin da Pfizer ta ƙarƙare da shi ranar 18 ga Nuwamban 2020? Wasu sun ɗauka wai cikin mutum ɗari, biyar za su cutu. Ba haka lissafin yake ba. Mutane sama da dubu 43 suka shiga gwajin bisa son ransu, a Amurka da Jamus da Turkiyya da Barazil da Ajantina da Afirka ta Kudu. Rabi aka yi musu allurar gaske, rabi aka yi musu ta ruwan gishiri, ba wanda ya san wadda ya samu. Daga baya mutum 170 suka kamu da korona: 162 daga masu ruwan gishiri, 8 daga masu allurar. Daga nan adadin ya fito. Allurar ba ta ɗauke da ƙwayar cutar, ko mai rai ko matacciya. Wani saƙo ne da ke koya wa jiki siffar ƙayar da ke bayan ƙwayar, domin garkuwar jiki ta gane ta in ta zo, saƙon kuma yana narkewa cikin ƴan kwanaki. Saurin da aka yi kuwa, an ɗora ne bisa binciken danginta, SARS ta 2003 da MERS ta 2012, gwamnatoci suka zuba kuɗi masu yawa, kuma yawan masu ciwon ya sa aka ga sakamako da wuri.

Duk da haka a lokacin akwai abin da masu binciken da kansu suka ce da saura. Alƙaluman daga sanarwar kamfanoni suka fito, a lokacin kuma hukumomin tantance magunguna na Turai da Amurka suna kan dubawa. A lokacin ba a san tsawon kariyar ba, ba a kuma san ko wanda aka yi wa allurar zai iya shafa wa wani ba. Mata masu ciki da ƙananan yara ba sa cikin wancan gwajin. Mai tambaya a kan waɗannan yana da hakkin a ba shi amsa.

Abin da ya fi ba mu damuwa a lokacin shi ne, muna gardamar karɓa ko ƙi a kan abin da ba a ma kawo mana ba. Ƙungiyar Oxfam ta ce tun watan Satumban 2020 ƙasashe masu arziki, waɗanda ba su wuce kashi 13 cikin 100 na mutanen duniya ba, sun riga sun kama sama da rabin alluran da ake sa ran samu. A 2020 allurar Pfizer sau biyu ake yin ta, sati uku tsakani, Amurka ta saye kowace ɗaya sama da jika goma a kuɗinmu, kuma a lokacin sai an ajiye ta cikin sanyin digiri 70 ƙasa da sifili. Wace CSI ce a karkarar Dakoro ko Tanut ke da irin wannan firijo a lokacin, a inda wutar ma sai ta hasken rana? A lokacin ta Oxford ce ta fi kusa da mu: kimanin jika biyu, tana zama cikin firijon da ake ajiye alluran yara, kuma kamfanin Serum Institute na Indiya, wanda ya yi mana MenAfriVac, yana cikin masu haɗa ta. Hanyar da aka sa ran za ta iso mu a lokacin ita ce shirin COVAX na OMS da Gavi da CEPI, mai burin samar da allura biliyan 2 kafin ƙarshen 2021, ya kuma tallafa wa ƙasashe 92 marasa ƙarfi, ciki har da Nijar. Tsarinsa a lokacin shi ne ya fara wadatar da mutum ɗaya cikin biyar, ma'aikatan kiwon lafiya da tsofaffi da masu hawan jini ko ciwon suga su ne a gaba.

Wancan jiran na 2020 dama ce ga ma'aikatar kiwon lafiya. Tun a lokacin ya kamata ta zauna da sarakunan gargajiya da limamai da ƙungiyoyin mata, ta faɗi da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa wace allura za a kawo, daga ina, me ke cikinta, wa ya tantance ta, wace illa take iya yi, kuma ina mutum zai kai kuka in ta ba shi matsala. A yi ta kyauta, ba tilas, manya su fara miƙa dantse a gaban jama'a. In aka zo da ita irin yadda aka zo da rufe masallatai, umarni daga Yamai ba tare da shawara ba, to mun san abin da zai biyo baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu kuma jama'a, abu biyu ke wuyanmu. Na farko, duk wanda ya zo muku da allurar rigakafin korona a kasuwa ko cikin jakar magani, macuci ne, a sanar da hukuma. Na biyu, kar gardamar korona ta sa uwa ta fasa kai ɗanta awo da allurar ƙyanda da ta shan inna, domin lokacin ƙyanda da sanƙarau yana tafe da bazara. Kafin ku tura saƙon murya zuwa wani zauren, ku tambayi wa ya yi maganar, a ina kuma ya samo ta.