Yabo ba ya biyan kuɗin asibiti

1/ Jiya da dare, maimakon karatun jarrabawa, na ɓige da karanta labarin ma'aikatan gandun daji na farko a Amurka. Har yanzu abin yana raina. Ku ɗan ba ni minti biyu 🧵

2/ A 1905 aka kafa hukumar kula da dazuzzukan ƙasar. A lokacin, mutum ɗaya ake danƙa wa makeken daji, albashi kaɗan, kuma dokin da zai yi sintiri da shi ma, shi zai nemo abinsa.

3/ Sai ga Agustan 1910. Iska mai ƙarfi ta haɗe ƙananan gobara suka zama ɗaya. Cikin kwana biyu wuta ta lashe eka kusan miliyan 3, mafi yawa a jihohin Idaho da Montana. Mutum sama da 80 suka mutu, akasarinsu masu kashe wutar.

4/ Wani ma'aikaci, Ed Pulaski, yana tare da mutum wajen 45 wuta ta yi musu ƙawanya kusa da garin Wallace. Da yake ya san dajin ciki da bai, sai ya kai su wani tsohon ramin haƙar ma'adinai.

5/ Hayaƙi ya cika ramin, wasu suka firgita za su fita. Ya zaro bindiga ya tsare ƙofa, don ya san duk wanda ya fita ya ƙone. Biyar suka rasu, sauran suka tsira. Shi kuwa ya ƙone, ido da huhu suka samu lahani.

6/ To nan ne fa raina ya ɓaci. Bawan Allahn nan bai samu diyyar raunukansa ba. Amma har yau wani gatari mai fartanya a ƙeya, da masu kashe wutar daji ke riƙewa, sunansa yake amsawa. Suna kam ya samu. Magani fa?

7/ Wani zai ce ai aikinsa ne, shi ya zaɓa. Na yarda. Amma ya zaɓi tsare daji ne, bai zaɓi a watsar da shi ranar da ya jikkata ba.

8/ Abin da ya sa ya taɓa ni: mu ma muna da dazuzzuka. Sambisa fa gandun namun daji ne tun asali. Dajin da aka bari ba mai gadi, mun ga waɗanda suke tarewa a ciki.

9/ Yanzu ana ta maganar ɗaukar matasa aikin gadin daji. Madalla. Amma kafin a tura ɗan wani, a faɗa mana: in ya ji rauni wa zai biya asibiti? In bai dawo ba, wa zai riƙe iyalinsa?

10/ In a gidanku akwai wanda ya taɓa wannan aiki, don Allah ku tambaye shi yadda aka sallame shi. Ina jiran amsa a ƙasa.