Zancen Daji Amana Ne

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta da damina, ya ga yadda gona ta haɗe da gona, gero da dawa da gyaɗa sun cika ƙasa har bakin kwalta, babu abin da ya rage na kurmi face tsirarun gawo da kuka da ɗorawa waɗanda manoma suka bari don amfanin kansu, lalle zai tabbata cewa daji ya daɗe da yi mana sallama. Amma zancensa yana nan a kowace majalisa, musamman ran Lahadi idan kasuwa ta watse, inda za ka ji saurayin da bai taɓa kwana a dajin Falgore ba yana ba da fatawa a kan ƙishirwa da ɓatan hanya da saran maciji, sai ka ce gadon baka da kwari ya yi.

Kakanninmu ba su ɗauki wannan ilimi da wasa ba, domin da shi suka rayu a yunwar Kakalaba ta 1914, da shi kuma iyayenmu suka rage raɗaɗin farin 1973. Sa'ad da rumbu ya ƙare, tsohuwa ta san yadda ake dafa tafasa, a tsiyaye ruwan, a kwaɗanta ta da ƙuli-ƙuli. Ta san yaɗiya da aduwa da goruba. Ta kuma san cewa ƙaron tumfafiya da na tinya suna cutar ido, zaƙami kuwa yana gusar da hankali. Makiyayi ya san inda zai tona yashi a busasshen rafi ruwa ya tsattsafo. Kowane ɗayansu daga bakin wanda ya gwada ya karɓa, ba daga jita-jita ba.

Dubi mas'alar kububuwa, wadda dafinta yake hana jini daskarewa. Idan mai surutu ya ce a tsaga wurin saran da reza, a tsotse, a ɗaure ƙafar tamau da igiya, to, tsagar tana ƙara zubar jini, ɗaurin kuma yana iya kashe ƙafar baki ɗaya, alhali abin da likitoci suka haɗu a kansa shi ne a kwantar wa mutum da hankali, a hana gaɓar motsi, a gaggauta kai shi inda ake da allurar maganin dafi, irin wadda aka san asibitin Kaltungo da ita. Wanda ya ji shawarar banza ya yi shiru, yana da kamasho a cikin abin da ta haifar.

Saboda haka nake ganin wajibi ne kowace majalisa ta sami dattijo mai tsawatarwa, wanda zai bi sunnar malaman Hadisi, waɗanda ba su karɓar ruwaya sai sun binciki isnadinta. Ya tambayi mai magana cikin ladabi: “Malam, wa ya gaya maka? Ka gani da idonka?” Ya ba maharbi dama ya faɗi abin da ya gwada, ya dakatar da mai cika baki ba tare da ya kunyata shi ba, ya kuma kare yaro mai tambaya daga dariyar manya, domin mai jin kunyar tambaya shi ne asararre.

Ina kira ga hakimai da dagatai su haɗa Sarkin Baka da malaman Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ma'aikatan lafiya a tabarma guda, a tace sahihi daga rarrauna, a rubuta da boko da ajami tun tsofaffin da suka sani suna raye. An ruwaito cewa Imamu Malik, duk da zurfin iliminsa, yakan amsa tambayoyi masu yawa da cewa bai sani ba. Idan limamin Madina bai ji nauyin faɗin haka ba, mu da muka tashi muka tarar da daji ya zama gona mun fi cancanta da mu riƙe harshenmu a inda ran mutum yake.