Silima a Falo: Kada a Manta da Hakkin Kunne

Tun daga shekarar 2014 da tsarin sauti na Dolby Atmos ya shiga gidajen jama'a, falo ya fara gogayya da gidan silima. Ga lasifika a gaba, ga wata a baya, har da ta sama, ta yadda mai kallo zai ji jirgi ya ratsa ta bisa kansa. Talabijin mai 4K kuwa tana ɗauke da ɗigon haske fiye da miliyan 8.

Wannan ci gaba abin yabo ne, amma fa akwai abin lura. Can cikin kunnen ɗan Adam akwai wani sashe mai kama da katantanwa, inda ƙwayoyin halitta masu gashi, kimanin 15,000, suke mayar da girgizar sauti ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma wadda ta mutu ba ta sake tofowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. A desibel 100 bai kai rabin awa ba.

Saboda haka wajibi ne iyaye da masu gidajen kallo su sassauta. Idan sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji shi, to ƙarar ta yi yawa. Malaman kimiyya su ma su faɗakar da ɗalibai, domin lasifika idan ta fashe ana samun wata a kasuwa, ji kuwa ba shi da kasuwa.