Sana'ar Gidanmu Ba Talla Ta Rasa Ba

Duk wanda ya san Narayi, daga High Cost har Bayan Dutse, ya san da wuya ka wuce gida biyar ba ka tarar da wata sana'ar abinci ba. Wannan gidan kaji ne a bayan ɗaki, wancan tarwaɗa ce a tankin roba, na gaba kuma yogot ne da zoɓo da kunun aya a firji. Akwai masu ƙuli-ƙuli, akwai masu yajin citta, akwai masu kawo zuma daga ƙauye su zuba a kwalba. Tun da masaƙun Kakuri suka fara durƙushewa, aka rufe KTL a 2002, gidaje da yawa a kudancin kogin Kaduna da irin waɗannan sana'o'i suke tsaye. Mu faɗa wa juna gaskiya: da yawanmu kiret ɗin ƙwai ne ya biya mana kuɗin rajista.

To yanzu da muke shirin ajiye biro, maganar da nake yawan ji a bakin 'yan ajinmu ita ce, "Bari in gama, zan buɗe wa Mama shafi a Instagram, in yi mata sitika mai kyau, sai ka ga kasuwa ta buɗe." Niyyar mai kyau ce. Amma a ganina mun fara daga wutsiya. Yawancin sana'o'in gidajenmu ba masu saye suka rasa ba. Abin da suka rasa uku ne: kaya mai inganci iri ɗaya kullum, lissafin da ya raba kuɗin sana'a da kuɗin cefane, da kuma shaidar da za ta sa baƙon da bai san gidanku ba ya yarda ya sa kayanku a bakinsa. In babu waɗannan, talla sai dai ta yi saurin tona asiri.

Mu ɗauki misalin da kowa ya taɓa gani a firjin kanti, wato yogot ɗin L&Z na Kano. Muhammadu Damakka Abubakar, wanda tsohon ma'aikacin banki ne, shi da maiɗakinsa Hajiya Zubaida suka kafa shi, kuma da 'yan shanu kaɗan suka fara. Da kasuwa ta fi ƙarfin shanunsu, sai suka koma wajen masu nonon tun asali, Fulani makiyaya. Suka kafa wuraren karɓar madara kusa da rugage, ana gwadawa, ana biya, har da ƙarin kuɗi ga waɗanda suka sa 'ya'yansu a makaranta. A 2015 asusun FAFIN, wanda kamfanin Sahel Capital yake gudanarwa, ya zuba jari a cikin kamfanin. Ka tsaya ka yi tunani a nan. Mai zuba jari ba ya ba da kuɗi don kwalba ta yi kyau. Littafi yake buɗewa ya ga me ya shigo, me ya fita, daga ina madarar take zuwa, kuma za ta zo gobe ko ba za ta zo ba. Sana'ar miji da mata ce, amma an riƙe ta yadda baƙo zai duba ya gane.

Abu na farko ke nan, tushen kaya. Mai sayen yogot ɗinku ranar Litinin yana so ya same shi da kauri ɗaya da zaƙi ɗaya ranar Juma'a. In yau Mama ce ta haɗa ya yi daɗi, gobe ƙanwarka ta haɗa ya tsinke, to ba ku da kaya ɗaya, kuna da sa'a ne kawai. Maganin ba shi da tsada: sikeli, kofin awo, da takarda a manne a bango mai cewa lita kaza, sukari kaza, awa kaza. Haka kuma batun inda ake saro kayan haɗi. A 2023 cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Masu zoɓo da masu yaji da ba su da manomin da suka saba da shi, kuma ba su ajiye busasshiya ba, sun ji a jikinsu. Wasu suka rage citta a ɓoye, kwastoma kuwa harshensa ba ya ƙarya. Wanda yake da ƙauye, ko kawu mai gona, yana da abin da babban kamfani yake kashe miliyoyi ya samu. Amma a yi ciniki da kawun kamar ciniki, a sa farashi, a sa rana, a biya.

Abu na biyu shi ne mai zafin, domin ya taɓa zumunci. A gidajenmu da yawa aljihu ɗaya ne: daga cinikin safe ake cire kuɗin kayan miya, kuɗin Keke Napep na 'yan makaranta, gudummawar biki, da ɗari biyar ɗin da Yaya zai "ara" ba ya mayarwa. Wata ya ƙare, an yi ta aiki, ba a san an ci riba ba ko uwar kuɗin ake ci. Ka tambayi mai zoɓo nawa robar ta tsaya mata, za ta lissafa zoɓo da sukari da roba. Ina fetur ɗin janareta? Ina ƙanƙara? Ina robobi goma da suka yi tsami ranar da aka kwana biyu ba wuta? Ina ladan yarinyar da ta tashi tun asuba tana wanke kwalabe? Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, sanyaya kaya ya zama babban kashi na kuɗin da ake kashewa, amma har yau akwai masu sa farashi da ido, su duba na maƙwabciya su bi.

Wasu za su ce, "Haba, uwa da 'ya'yanta har sai an yi lissafi?" E, sai an yi. Lissafin ne ma yake tsare zumuncin. In an yanka wa Mama albashinta, an yanka wa mai kai kaya nasa, an buɗe asusun banki da sunan sana'ar ba da sunan babban ɗa ba, to babu zargi, babu gunaguni a bayan ido. Kun tuna wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin canjin naira, da kowa ya koma tiransifa? Gidaje nawa ne kuɗin ciniki ya watse a asusun mutum uku, aka rasa na waye? Bashin dangi ma a rubuta shi. Gwaggo ta ɗauki kiret biyu, a sa a littafi, ko da daga baya za a yafe. Kyauta daban, ɓata daban.

Abu na uku, amana. A cikin unguwa sunan gidanku ya isa, kowa ya san tsaftar Mama. Amma da zarar kaya sun haye gada zuwa Kasuwar Barci ko sun shiga wani babban kanti a Barnawa, ba wanda ya san ku. Abin da yake magana a madadinku shi ne rajistar sunan sana'a a CAC, lambar NAFDAC, da takardar jikin roba mai ɗauke da ranar haɗawa, ranar lalacewa, kayan da ke ciki da adireshi. NAFDAC, da aka kafa a 1993, tana son a ware wurin aiki daban da kicin ɗin gida, a gwada lafiyar masu taɓa abincin, a kuma gwada kayan a ɗakin gwaji. Mutane suna ganin takura ce. Amma 'yan sashen fasahar abinci sun san dalili: madarar da ba a dafa ta kai zafin da ya kamata ba, misali digiri 63 na minti 30, tana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta, kuma gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar afulatoksin mai lalata hanta, wadda suya ba ta kashe ta. Ko ƙasa guda tana iya rasa kasuwa a kan irin wannan. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. In hakan ta faru da ƙasa, ina ga gida ɗaya? Yaro ɗaya ya yi gudawa a makaranta bayan ya sha kunun ayarku, shekara goma na suna ta tafi.

Sai bayan nan talla take da amfani, kuma a nan ne in kana da kyau ka ƙara da wanka. Ko a nan ɗin ma, a fara da kusa. Mabiya dubu biyar da rabinsu suna Legas ba za su sayi yogot mai kwana biyar ba. Wanda zai saya shi ne mai shagon bakin layi, makarantar firamare mai neman abin tara, matan zumunta a coci, masu walima da suna, masu buɗa-baki da azumi, da ofisoshin da ke son a kawo musu ƙwai duk ranar Juma'a. Lambobin waya hamsin na mutanen da suke dawowa, ana tura musu saƙo ta WhatsApp ana kai musu a kan lokaci, sun fi kowane bidiyo. A ba da ɗanɗano kyauta, a riƙe suna ɗaya da kala ɗaya, a ɗaga waya in an kira. Shi ke nan fa, ba wani sihiri.

Na san ƙorafin da zai biyo baya: duk wannan kuɗi ne, mai firji ɗaya ina za ta samu ɗakin da NAFDAC za ta amince da shi? Gaskiya ne, kuma ba zan ce abu ne mai sauƙi ba. Amma abin da gida ɗaya ya kasa, gida goma za su iya. Amul na Indiya, wanda yau yana cikin manyan kamfanonin madara a duniya, ƙungiyar ƙananan manoma ce da ta fara a garin Anand a 1946, domin 'yan tsakiya suna danne musu farashi. Mu da muka iya adashi, me zai hana mata goma masu yogot a Narayi su haɗa ɗakin aiki ɗaya, firjin sola ɗaya, su riƙa saro roba da sukari a dunƙule?

Ɗayan ƙorafin ba a faɗarsa da ƙarfi, amma yana nan: "Ni da difloma in koma sayar da zoɓo?" Ɗan'uwa, dubi jerin waɗanda suka riga mu fita suna yawo da fayil. Ba cewa nake kowa ya bar neman aiki ko ya fasa HND ba. Cewa nake, ɗan akanta yana da littafin da zai gyara a gida, ɗan lantarki yana da firjin da zai haɗa wa sola, 'yar kasuwanci tana da farashin da za ta fitar. Wannan makaranta tun 1956 aka kafa ta don koyar da aikin hannu da na ƙwaƙwalwa tare, ba don rataye satifiket a falo ba.

Ina da roƙo biyu ga ƙungiyar ɗalibai. Na ɗaya, a ware rana guda a kowane zango don baje kolin kayan gidajen ɗalibai, a gayyato jami'an NAFDAC da SMEDAN su yi bayanin rajista ido da ido. Na biyu, a roƙi sassa su ƙarfafa wa ɗalibai gwiwa su yi furojet a kan sana'o'in iyayensu, maimakon kwafo abin da aka rubuta shekaru goma da suka wuce a kan wani kamfanin da ba su taɓa shiga ba.

Kai kuma da kake karanta wannan, kafin ka biya mai zana sitika, sayi littafi mai ganye arba'in. Ka nemi izinin Mama cikin ladabi, domin sana'arta ce, ta riga ka saninta. Ku rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita na kwana talatin, har da ƙwan da aka soya wa baƙi. A rana ta talatin da ɗaya za ku san ko talla kuke buƙata, ko kuwa gyara.