Tsohon firigo na cinye ribar mata

Ku mata masu saida ƙanƙara, zoɓo da lamurje, kun fi kowa sanin zafin takardar wuta a ƙarshen wata. Kullum mu ake yi wa gargaɗi: ku kashe ampul, ku rage fanka. To shi mai saida mana wutar fa, mi aka ɗora masa?

A Faransa, tun 2006 doka ta wajabta wa kamfanonin lantarki da na gaz su taimaka wa masu saye su rage abin da suke sha. Gwamnati ke yanka wa kowane kamfani adadin da zai tsimi, wanda bai cika ba ya biya tara. Gana kuwa ta hana shigo da tsofaffin firigo tun 2013.

Mu nan, firigon da Turawa suka gaji da shi muke rububi. Da araha wajen saye, gaskiya ne, amma yana shan wuta kamar raƙumin da ya kwana biyu bai ga rijiya ba. Alhali wutar ba ta ishe mu ba: a 2023 da Nijeriya ta katse layi, ƙanƙara ta narke, jari ya bi ta.

Ra'ayina, hukumar ARSE ta yanka wa NIGELEC nata adadin. Kamfanin ya karɓi tsohon firigon mace, ya ba ta sabo mai tsimin wuta, ta riƙa biya kaɗan-kaɗan cikin takardar wata. Wace mai ƙanƙara ce ke da kuɗin sabo a dunƙule?